Darasi Na Bakwai: Masu Ceto a Bakin Kogi

A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya ɗauko mutane fiye da 150 ya nutse a kogin Neja, kusa da garin Wara na ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi. Waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. A irin wannan rana masunta da matuƙan kwale-kwale na ƙauyukan gaɓa ne suke fara isa wurin, tun kafin jami'an hukumar NEMA mai ba da agajin gaggawa, ko na NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, su taso daga birni. Waɗannan mutane ba su da albashi kan wannan aiki. Kuwwa kawai suke ji su bar taru su nufi ruwa.

Gaggawar tana da dalili. Mutumin da numfashinsa ya tsaya a cikin ruwa, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, motar agaji kuwa tana iya shafe sa'o'i a kan hanyar karkara, musamman da damina. Saboda haka ne ake dogara da mutanen wuri irin su Sarkawan ƙasar Yauri, waɗanda suka gaji sana'ar ruwa, suka san inda igiyar ruwa take juyawa, suka kuma san wuraren da kututturan itatuwa suke ɓoye tun da madatsar Kainji ta malale dazuzzukan yankin a 1968. Sarkin Ruwa ne yakan raba aikin: gwanayen nutso su sauka daidai inda jirgin ya kife, wasu su tare ta gangare da kwale-kwale domin ruwa yakan tafi da mutum nesa, sauran kuma su tsaya a gaɓa su karɓi waɗanda aka tsamo.

Wanda bai ƙware da iyo ba kada ya faɗa ruwa, ko da ɗan cikinsa ne yake nutsewa, domin mai nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda ya matso shi, su tafi ƙasa tare. A miƙa masa doguwar sanda, ko a jefa masa igiya, ko gora irin na masunta, ko jarka wadda babu komai a ciki aka ɗaure murfinta tam. Idan an fito da shi yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire masa jiƙaƙƙun tufafi a lulluɓe shi. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a kan ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa a hura masa iska ta baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 ana hura iska sau 2, ba tare da tsayawa ba. Al'adar nan ta danne ciki ko riƙe yaro kai ƙasa don ruwa ya fita ɓata lokaci ce, tana kuma iya jawo amai ya shaƙe shi. Ko ya farfaɗo sarai, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo bayan sa'o'i.

Akwai aiki guda da mai karatu da rubutu ya fi kowa dacewa da shi, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Sau da yawa babu wanda ya san yawan mutanen da suka shiga jirgi: matuƙi ya faɗi wani adadi, dangi su faɗi wani, masu nutso kuwa su rasa ranar da za su daina nema, su yi ta jefa rayukansu cikin haɗari kan mutumin da watakila yana gidansa. Littafi ɗaya da biro a tashar jirgi sun isa su magance wannan. Kafin jirgi ya tashi a rubuta kwanan wata, da lokaci, da sunan matuƙi, da sunan kowane fasinja da ƙauyensa, har da jariran da ke goye, waɗanda aka saba mantawa da su wajen ƙirge. Littafin ya zauna a gaɓa, kada ya bi jirgin. Idan hatsari ya auku, mai littafi ya kira lambar gaggawa ta 112 da mai gari, sannan ya zauna inda ake fito da mutane yana sa alama a gaban sunan duk wanda aka samu.

Aikin gida: ku ja layi biyar a shafi ɗaya, ku rubuta Lamba, Suna, Ƙauye, Babba ko Yaro, da Inda Za Shi a samansu. Ku cika shafin da sunayen mutanen gidanku, ku rubuta jimillarsu a ƙasa, ku kawo wa malami a zama na gaba.