Haɗa faifan MFM da na RLL a tsohuwar kwamfuta: kurakuran da aka fi yi

Masu farfaɗo da kwamfutocin IBM XT da AT da ire-irensu na shekarun 1980 sukan samu faifan ajiya biyu da suke son zubawa cikin akwati ɗaya, ɗaya na MFM, ɗaya na RLL, wato salo biyu na rubuta bayanai a kan faifai. Waɗanda aka fi cin karo da su su ne Seagate ST-225 mai megabait 20 da ɗan'uwansa ST-238R mai megabait 30. Bakin wayoyinsu iri ɗaya ne, babbar waya mai fil 34 da ƙarama mai fil 20, don haka komai yana shiga ba gardama, mai gyara kuma ya ɗauka aiki ya ƙare.

Babban kuskuren shi ne zaton cewa salon rubutun yana cikin faifan. A irin waɗannan faifai, katin sarrafawa da ke cikin ramin uwar kwamfuta shi ne ke yanke yadda za a rubuta bayanai, faifan kuwa karɓa kawai yake yi. Katin MFM yana yanka kowane zoben da ake rubutu a kansa gida 17, kowane gida ana kiransa sekta, yana tura bayanai a kan megabit 5 a daƙiƙa. Katin RLL yana yanka shi gida 26, a kan megabit 7.5. ST-225 da ST-238R duk silinda 615 ne, wato zobe 615 a kowace fuskar faifai, da kawunan karatu 4, kowace sekta kuma bait 512. Idan ka buga lissafi, sekta 17 za ta ba ka bait 21,411,840, sekta 26 kuma bait 32,747,520. Bambancin girman nasu ke nan gaba ɗaya. Abin da harafin R na ST-238R ke nufi shi ne kamfani ya gwada faifan ya tabbatar zai iya riƙe rubutu mai matsi.

Ke nan kati ɗaya salo ɗaya yake ji. Ba za ka rataya faifai biyu a jikin WD1002A-WX1 na Western Digital, wanda na MFM ne, ka ce ɗaya ya ci gaba da zama RLL ba. Dole su bi salon katin su biyun.

Hanyar da ba ta da haɗari ita ce a sa katin MFM, a yi wa duka biyun fomat na tushe da shi, wato katin ya shata sektocin faifan tun daga farko. Faifan RLL zai sauko daga megabait 30 zuwa 20, asarar kusan kashi ɗaya cikin uku, amma zai zauna lafiya domin an ba shi aikin da bai kai ƙarfinsa ba. Kwaɗayi kuwa yakan ja mutane ɗaya ɓangaren: su sa katin RLL, su matse ST-225 ya ba da megabait 30. Fomat ɗin yakan wuce lami lafiya, abin da ke yaudarar mutane ke nan. Sai an yi makonni ana aiki, faifan ya yi zafi ya huce sau da yawa, sannan DOS, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ya fara kukan bai ga sekta ba. RLL yana buƙatar daidaiton lokaci fiye da MFM, faifan da ba a tantance shi don haka ba kuma ba shi da wani rarar da zai jure. Tun yana sabo abin caca ne, balle yanzu da ya haura shekara talatin.

Kuskure na gaba ya fi ciwo, domin shi ke cinye bayanai. Faifan da aka yi wa fomat da wani kati, ba lallai wani katin ya iya karanta shi ba, ko da duka biyun MFM ne, saboda kowane kamfani da yadda yake jera alamomin sekta da lambobin gyaran kuskure. Mutum ya cire faifai daga tsohuwar na'ura, ya jona a sabon kati, ya ga ba a karanta shi, ya yanke hukuncin ya mutu ko ya buga masa fomat. Alhali bayanan suna nan. Duk faifan da ke ɗauke da abin da ake so, a kwashe tun yana tare da katinsa na asali, ko zuwa fulofi ko ta wayar siriyal zuwa wata kwamfutar. Idan za a sayi tsohon faifai, a nemi a haɗo da katinsa.

Wasu sukan ce to a sa kati biyu mana, kowa da faifansa. Yana yiwuwa, sai dai a nan ake ɓata lokaci. Katunan XT masu bit 8 galibi suna zuwa a saite wuri guda: adireshin shiga da fita 320h, layukan magana da kwamfuta IRQ 5 da DMA 3, ROM ɗinsu, wato ma'ajiyar shirin da ke jikin kati, kuma a C800. Biyu a wuri ɗaya, kwamfutar ko ta daskare ko ta ga ɗaya kaɗai. Sai an matsar da na biyun da jampa, ɗan maɗaurin da ake sawa a kan fil don canza saiti, misali zuwa 324h da CA00, idan katin ya yarda da hakan. Ko an matsar ma, ba kowane ROM ne ya iya jera faifansa a bayan na wani ba, wasu suna ɗauka su kaɗai ne a gidan. A AT kuwa katin farko yana 1F0h da IRQ 14, BIOS, wato shirin da ke tayar da kwamfuta, kuma wannan katin kaɗai ya sani. Idan babu takardar jampa ta katunan biyu a hannu, gara a haƙura da wannan hanya.

Sai wayoyi. Babbar mai fil 34 guda ɗaya ce, tana bi ta kan faifan biyu, ƙarama mai fil 20 kuwa kowane faifai da tasa, kuma kowace da bakinta a jikin kati. Idan aka musanya ƙananan, fitilar faifai za ta kama amma ba za a karanta komai ba. Babbar wayar iri biyu ce. Idan miƙaƙƙiya ce, faifan farko a sa jampansa a zaɓi na ɗaya, na biyu a zaɓi na biyu. Idan mai murɗi ce, duka biyun a sa su a zaɓi na biyu, wanda ke ƙarshen waya bayan murɗin shi ne C, wato faifan farko. A lura wasu kamfanoni daga 0 suke fara ƙirga, wasu daga 1, don haka zaɓin da wani ya rubuta DS1 shi ne DS2 na wani. Kada kuma a ɗauko wayar fulofi don an ga ita ma fil 34 ce: murɗinta a kan layi na 10 zuwa 16 yake, na faifan ajiya kuwa a kan 25 zuwa 29. Akwai kuma ɗan jerin resisto mai rufe layi a jikin kowane faifai. Na ƙarshen waya kaɗai ake bar wa nasa, na tsakiya a zare.

A AT, saitin CMOS, inda ake gaya wa kwamfuta irin faifan da ke cikinta, ma yana da tarko. Jadawalin faifai na BIOS ɗin IBM duk a kan sekta 17 aka gina shi. Lamba 2 ita ce silinda 615 da kai 4, ta dace da ST-225, ta kuma dace da ST-238R idan an mai da shi MFM. Katin RLL kuwa yakan zo da nasa ROM da ke gyara lissafin, sai a bi abin da takardarsa ta ce a zaɓa. Lambar kuskure 1790 ko 1791 lokacin tashi sau da yawa tana nufin faifan bai samu fomat na tushe da wannan katin ba tukuna. 1780 da 1781 sun fi nuni ga waya, jampa ko wuta. A XT lambar da ake gani ita ce 1701.

Shi kansa fomat na tushe, umarnin FORMAT na DOS ba ya yin sa. Ana shiga shirin DEBUG na DOS ne a kira shirin da ke cikin ROM na kati. A yawancin katunan Western Digital da Seagate ana rubuta G=C800:5, a na Adaptec G=C800:CCC. Kafin a fara, a bar faifan ya yi ta juyawa kamar rabin awa ya ɗauki zafinsa na aiki, kuma a ɗaure shi a yadda zai zauna, kwance ko a tsaye, domin injin da ke tura kawunan ba ya gyara kansa idan ƙarfe ya buɗe. A shigar da jerin wuraren da suka lalace da ke rubuce a takardar da aka manna a bayan faifan, mutane da yawa suna tsallake wannan. Tazarar sekta, wato tsallaken da ake bari tsakanin sekta da mai bi mata a lamba, ma a kula da ita: IBM ta sa 6 a XT, 3 a AT. Idan aka matse ta fiye da abin da kati zai iya bi, faifan sai ya yi cikakken zagaye kafin a karanta kowace sekta, gudun ya faɗi warwas. Bayan nan ne ake yin FDISK don kasa faifan kashi-kashi, sannan FORMAT. DOS 3.3 ba ya wuce megabait 32 a kashi ɗaya, amma waɗannan faifan biyu duk suna ƙasa da haka.

Wuta kuma: akwatin wutar IBM PC na farko wat 63.5 ne kacal, na XT 130. Faifai biyu suna jan wuta sosai a layin bolt 12 lokacin da suke tashi, tsohon akwatin wuta kuma ƙarfinsa ya riga ya ragu. Idan kowane faifai yana aiki shi kaɗai amma sun ƙi tashi tare, a auna layin 12 da mita kafin a taɓa jampa.

Wanda ƙarin wuri kawai yake nema, katin XT-IDE, mai haɗa tsohuwar kwamfuta da ma'ajiya ta zamani, tare da katin ajiya na CompactFlash ya fi sauƙi, kuma BIOS ɗinsa yana iya zama tare da katin MFM ko RLL muddin adireshinsu bai haɗu ba. Ta nan ma ake kwashe abin da ke cikin tsohon faifan ba tare da an raba shi da katinsa ba.