Darasi na 9: Tikitin Umra da 'Yan Damfara

Da zarar azumi ya matso, dillalan Umra sukan bazu a Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yawuri. Akwai na ƙwarai a cikinsu, akwai kuma waɗanda jarinsu daɗin baki ne kawai. Kafin ka ba kowa ko sisi, ka nemi ganin lasisinsa daga Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, domin ita ke ba kamfanonin jirgin yawo, wato masu shirya wa mutane tafiya Hajji da Umra, izini. Ka taka da ƙafarka ka ga ofishin kamfanin dillalin. Kuɗi kuwa a asusun kamfani ake zubawa, ko da surukinka ne ya haɗa ku. Ka karɓi rasit, ka adana.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen tikiti. Dillali yana iya kama maka kujera a jirgi ba tare da ya biya ba, ya buga takarda mai sunanka da ranar tashi, ya miƙa maka. Bayan ɗan lokaci kamfanin jirgi ya soke kujerar, kai kuwa kana gida kana sallamar dangi. Tikitin da aka biya yana ɗauke da lamba mai alƙaluma 13. Akwai kuma wata gajeriyar lamba, haruffa da alƙaluma guda 6. Ka sa ɗanka ko wani amintacce ya shigar da ita da sunanka a shafin kamfanin jirgin a intanet. A duba har da ranar dawowa, don wasu dillalan tikitin zuwa kawai suke saya.

A Saudiyya ma sai ka yi hattara. Izinin shiga Rauda a Madina kyauta ne, a manhajar Nusuk ake samunsa. Duk wanda ya ce ka kawo riyal ya shigar da kai, ka wuce abinka. Mai motar da zai kai ku ziyara Uhudu da masallacin Ƙuba, ku yi ciniki tun kafin ku shiga: kuɗin na mutum ɗaya ne ko na mota duka? Zai jira ku ya dawo da ku?

Wani dillalin zai ce ka tafi da bizar Umra ka laɓe har lokacin Hajji. Ba a yin Hajji da bizar Umra. Wanda aka kama, tara ce mai nauyi da kora zuwa gida.

Aikin gida: ka samo tsohon tikiti wurin wani alhaji a unguwarku, ka kwafo lambobin nan biyu a littafinka.