Babi na Bakwai: Kaya a Ɗaure, Ƙofa a Kulle

Iyayena da yayyena 'yan ajin yamma, ina gaishe ku. Ya zaman gida? Ya ibada? Allah ya yaye mana wannan annoba.

Rabonmu da aji tun watan Maris. Ranar Lahadi 29 ga Maris, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi ya sa dokar kulle a Abuja da Legas da Ogun saboda cutar korona. A nan Abuja dokar ta fara aiki ƙarfe 11 na daren Litinin 30 ga wata. Aka ce kwana 14, aka ƙara wasu 14, aka sake ƙara mako guda. Ranar 4 ga Mayu aka sassauta, amma har zuwa lokacin wannan rubutu, a watan Mayun 2020, ba a fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, kuma an hana tafiya daga jiha zuwa jiha.

Dokar ta riski wasunku kuna shirin tashi daga gidan haya. An biya sabon gida, an ɗaure kaya, sai aka rufe hanya. Mai son komawa Suleja daga Kubwa ya maƙale, don Suleja jihar Neja ce. Mai son shigowa Nyanya daga Mararaba ma haka, don Mararaba jihar Nasarawa ce, ko da yake tafiyar ba ta taka kara ta karya ba. Wata baiwar Allah a ajinmu ta kira ni ranar da aka ɗauki azumi, muryarta na rawa. Rariyar tace kunu take nema. Ta farke kwali tara kafin ta gan ta, ga magariba ta kawo jiki, ga kaya warwatse a tsakar ɗaki. Saboda ita da irinta na rubuta wannan babi.

Idan ɗanku ko jikanku ne ke karanta muku, madalla. Ya karanta, amma biro ya zauna a hannunku.

Darasi na 1: Abin da za a tanada

Littafin rubutu guda ɗaya, sabo ko wanda ya rage shafi goma. Biro. Maka baƙa, wato babban alƙalamin nan mai kaurin baki da ake rubutu da shi a kan buhu. In babu maka, gawayi ya isa, sai dai yana gogewa. Sai igiya ko salatif.

A bangon littafin, wato fatar waje mai kauri, ku rubuta da manyan baƙaƙe: KAYAN TASHI. Wannan littafi ba na lissafin adashe ba ne, ba kuma na zanen yara ba. Ku sama masa wuri guda. Ƙarƙashin filo ya yi.

Kafin a rubuta komai, a ware kayan da ba za a ɗaure ba: tukunya biyu, kwanonin ci, risho ko tukunyar gas, buta, sallaya, bokiti, tufafin mako guda, magunguna. Takardu kamar rasidin haya, katin asibiti, katin zaɓe da takardar haihuwar yara, a zuba su a leda, a sa a jakar hannu. Ba sa shiga kwali ko kaɗan.

Darasi na 2: Lamba a kwali, lamba a littafi

Nan ne aikin yake. Ku zauna, ku natsu.

Ku buɗe shafin farko. A gefen hagu akwai jan layi da ya sauko daga sama har ƙasa. Hagu shi ne ɓangaren hannun da ba a cin tuwo da shi. Ɗan siririn filin da ke bayan jan layin nan, shi ne gidan lamba. Babban filin da ke dama, shi ne gidan sunan kaya.

Ku jawo kwali ɗaya. Ɗaya tak. Sauran su jira.

Ku ɗauki maka ku rubuta 1 a jikin kwalin. A gefe za ku rubuta, ba a saman murfi ba. Dalili kuwa, in aka ɗora wani kwali a kai, rubutun sama ya ɓuya. Ku yi shi babba, kamar tsawon tafin hannunku. Ku juya kwalin, ku sake rubuta 1 a ɗaya gefen.

Yanzu ku ajiye maka, ku ɗauki biro. A layin farko na littafi, a gidan lamba, ku rubuta 1. A gabansa, a gidan sunan kaya, ku rubuta abin da ke ciki. Kamar haka:

1    tukwane, rariya, ludayi

Ku dubi kwali. Ku dubi littafi. Lambar iri ɗaya ce? In iri ɗaya ce, ku ɗaure kwalin. In ba ku duba ba, kada ku ɗaure.

Sannu da ƙoƙari. Wanda ya yi wannan sau ɗaya, ya iya aikin duka.

Ku jawo kwali na biyu. Maka: 2 a gefe, 2 a ɗaya gefen. Ajiye maka. Biro: 2 a gidan lamba, a layin da ke ƙasan na farko.

2    zannuwan gado, labule

Ku dubi kwali. Ku dubi littafi. Sannan igiya.

Na san abin da zuciya ke raya muku a daidai nan, don na sha ganinsa a aji. Mutum zai ce bari in bi kwalaye duka in sa musu lamba, in na gama sai in zauna in cika littafi a tsanake. Kada ku yi haka. Kafin ku kai kwali na biyar kun manta abin da ke cikin na biyu. Ba ƙarancin basira ba ne, ni ma haka zan manta. Kwali ɗaya, layi ɗaya. Ba a taɓa kwali na gaba sai lambar wannan ta shiga littafi.

Mu yi na uku tare. Me za ku fara ɗauka? Maka. Ina za ku rubuta? A gefe. Sau nawa? Sau biyu. Sai me? Biro. Wace lamba? Wadda ke jikin kwali, ita ɗin dai, 3.

3    littattafan yara, takalman makaranta

Idan kalma ta gagare ku, ku rubuta ta yadda kuka ji ta a bakinku. Ba jarrabawa ba ce. In ta ƙi sam, ku zana hoton abin: cokali, kofi, takalmi. Amma lamba ba a zana mata hoto, ba a kuma tsallake ta.

Akwai lambobin da ke ba mu wahala, bari mu tsaya a kansu. 6 da 9 tagwaye ne. In aka kifa kwali, 6 ta koma 9. Saboda haka ku ja ɗan layi a ƙarƙashin kowacce, don a san ina ne ƙasanta. 6 cikinta na ƙasa. 9 kanta ne babba, ƙafarta na ƙasa.

Waɗanda suka yi karatun allo, hannunku ya saba tashi daga dama. Wannan ilimi ne, ba aibi ba. Sai dai boko daga hagu yake tashi. Goma sha biyu, 1 ake fara rubutawa, 2 ta biyo ta a dama: 12. In kuka juya, ta zama 21, ashirin da ɗaya, kwalin da wataƙila ma ba ku da shi. Haka kuma kada a gauraya lambobin Larabci da na boko. Shida ta Larabci ta yi kama da 7, biyar kuma ta yi kama da sifiri. Ɗan dakon da zai ɗauki kayan, ko yaron da za ku aika ya ɗauko, zai rikice. Ku zaɓi na boko ku tsaya a kai.

Buhu ma lamba yake ɗauka. Jakar Gana-mas-go ma haka. Kada ku sake farawa daga 1 don kun koma kan buhuna. In kwali na ƙarshe 8 ne, buhun farko 9 ne. Lamba ɗaya ba ta hawa kan kaya biyu.

To waɗanda suka riga suka ɗaure kaya tun Maris ba lamba fa? Haƙuri za ku yi ku kwance. Ba duka a rana guda ba, ga azumi a baki. Kwali biyu da safe kafin rana ta yi zafi. A kwance, a duba, lamba a kwali, lamba a littafi, a ɗaure.

Zan faɗi wata magana, ku yi mini afuwa. Bara da muka yi darasin lissafin kayan shago, mutum nawa ne suka zo mini da littafi fari fat, suna cewa ai duk yana kaina? Baba, ba ya kanka. Inna, ba ya kanki. Da kai na riƙe komai, da ba mu bar sana'armu mun zo mun zauna a benci da yamma ba. Wasu kuma sai su miƙa wa yaro biro su koma gefe suna kallo. Yaron nan za a buɗe makaranta ya tafi. Ranar da kuke neman maganin hawan jini da tsakar dare, wa zai karanta muku? Wata bakwai muna koyon 1 zuwa 100. Ban yarda a ce hannun da ya iya ƙirga canji a kasuwar Wuse ya kasa rubuta 4 a jikin kwali ba. Ku ɗauki biron nan.

Mu sake, da baki, sau uku, har yara su haddace: lamba a kwali, lamba a littafi, a duba, a ɗaure.

Ga gwaji. Ku rufe ido ku sa yaro ya ambaci wani abu, a ce labule. Ku buɗe littafi, ku bi gidan sunan kaya da yatsa daga sama zuwa ƙasa har ku ga kalmar. Ku ja yatsa hagu, ku karanta lambar. Ku tashi ku nemo kwalin mai wannan lamba. In kun buɗe kun ga labule, kun ci. In ba ku gani ba, wani wuri an ɗaure ba a duba ba. A koma a gyara, babu kunya.

Abu ɗaya ya rage. Damina ta sauka a Abuja, siminti na tsatsafo da sanyi. Kada kwali ya kwana a ƙasa. A sa katako ko bulo a ƙarƙashi, a ɗan janye shi daga bango, a juyo da lambar tana kallonku. In kun ciri wani abu daga kwali don amfani, ku soke sunansa a littafi da layi ɗaya. In ya koma, ku sake rubutawa a gaban lambarsa.

Darasi na 3: Kwanan wata da saƙo ga mai gida

Ku ɗauko rasidin haya. Kwanan wata kashi uku ne: rana, wata, shekara. 30/4/2020 na nufin ranar 30, wata na huɗu, wato Afrilu, shekarar 2020. Ta tsakiya ita ce wata. Maris 3, Afrilu 4, Mayu 5, Yuni 6.

In wa'adin hayarku ya cika kuna cikin kulle, kada ku yi shiru kuna ɓuya. Ku kira mai gidan ku gaisa, sannan ku bi da saƙon waya, don magana na tashi, rubutu na zama. Ga misali, ku cike gurbin:

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ni ne ...... na ɗaki mai lamba ...... Hayata ta ƙare ranar ...... Dokar hana tafiya ta hana ni tashi. Ina roƙon a ƙara mini zuwa ranar ...... Zan biya kuɗin kwanakin da na ƙara. Na gode.

Kada ku goge saƙon, kada ku goge amsarsa. Duk abin da kuka biya, ku karɓi rasidi. Doka ba ta ba mai gida ikon watso kayan ɗan haya waje da hannunsa ba, sai ya bi ta kotu. Amma lalama ta fi, shi ma kullen nan ya taɓa shi. Mai sabon gidan ma a tura masa saƙo ya san kuna nan tafe.

Darasi na 4: Abinci

A shafin ƙarshe na littafin ku rubuta abin da ya rage: shinkafa mudu nawa, wake nawa, gero nawa, mai kwalba nawa. Ku fara cinye na buɗe. Mai jiran tashi ba ya sayen buhu, mudu-mudu ya isa. Kafin ku fita kasuwa, ku rubuta abin da za ku saya, ku sa takunkumi, kada ku daɗe. In kun dawo, sabulu da ruwa, daƙiƙa 20. Ku ƙirga 1 zuwa 20 a hankali, kun yi bitar lissafi ke nan.

Buhun hatsi in zai bi ku, shi ma lamba a jikinsa, lamba a littafi.

Darasi na 5: Yara

Suna gida, sun gundura. Ku sa su riƙe igiya, su karanto lambobi da ƙarfi. Kada su hau kan kwalaye.

Darasi na 6: Ranar tashi

In an buɗe hanya, ku yi ciniki da mai a-kori-kura tun jajibiri. A fara lodi da sassafe, a gama kafin dokar dare. Ku tsaya a bakin mota da littafi. Kwalin da ya hau, ku sa masa alama a gaban lambarsa. A sabon gida ma haka wajen saukewa.

Aikin gida: kwali biyar, layi biyar. Wanda ke da babbar waya ya ɗauki hoton shafin ya turo mini ta WhatsApp. Wanda ba shi da ita ya kira ni bayan la'asar ya karanto mini lambobin.