Kurakuran da muke tafkawa wajen neman majiya a kan likitocin da ke musun ƙanjamau

Wallahi na gaji da gyara abu ɗaya a rubutun yaran da ke turo min aikinsu in duba. Kwanan nan wani ya turo min rubutu a kan Dokta Matthias Rath, likitan nan Bajamushe mai sayar da bitamin, majiya takwas ya saka, shida duk daga shafin gidauniyar shi Rath ɗin ne. Haba ɗan'uwa.

Kuskuren da ya fi ci min rai kenan, don ni ma na taɓa yin sa kuma har yau yana damuna. Shekarun baya na rubuta wani dogon bayani a kan mutumin nan, na kwaso komai daga shafinsa, har da labarin wai masu ƙanjamau a Khayelitsha, unguwar talakawa a Cape Town ta Afirka ta Kudu, sun murmure da bitamin kawai, na ɗauka tunda na rubuta "a cewarsa" sau ɗaya a can sama ai na fita. Bayan kamar sati biyu wata nas ta neme ni ta inbos, ta ce Malam kai ne mai rubutun nan? Ta ce wata mara lafiyarta, uwar yara uku, ta zo da sikirinshot a waya tana cewa za ta ajiye maganinta ta koma bitamin tunda likitan Turai ya ce guba ne. Sikirinshot ɗin daga tsakiya aka yanko, babu "a cewarsa" a ciki. Na goge rubutun a daren, amma ya riga ya shiga WhatsApp, can kuwa ba a gogewa. Kwana nawa na yi ba barcin kirki.

Abin da ban duba ba a lokacin shi ne a 2008 Babbar Kotun Cape ta yanke hukunci cewa gwajin da Rath ke yi a kan mutane ya saɓa doka, ta kuma hana shi tallata bitamin ɗinsa a matsayin maganin cutar. Ƙungiyar TAC mai fafutukar samar da magani ce ta kai ƙarar tare da ƙungiyar likitocin ƙasar. A shekarar dai ya janye ƙarar ɓata suna da ya kai jaridar Guardian a Ingila. Duk wannan a fili yake, lalaci ne ya hana ni nema. Yanzu dokata ita ce, shafin mutum yana nuna min abin da ya faɗa ne kawai, ba ya nuna min ko gaskiya ne. Kuma kowace jimla da ke ɗauke da iƙirarinsa sai ta zo da sunansa da amsar masana a cikinta, yadda ko an yanke ta ita kaɗai ba za ta cutar da kowa ba.

Kuskure na biyu shi ne wannan adalcin bogi, "wasu masana sun ce kaza wasu kuma sun ce kaza". Su waye wasun? A 2000 masana kimiyya da likitoci sama da 5,000 suka sa hannu a Sanarwar Durban cewa HIV ce ke haddasa ƙanjamau. A ɗaya ɓangaren, na masu musun hakan, su Peter Duesberg ne na jami'ar Berkeley da 'yan tsirarun abokansa, waɗanda Shugaba Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu ya jawo cikin kwamitin ba shi shawara. In ka ba ɓangarorin biyu sakin layi ɗaya-ɗaya ka yi wa mai karatu ƙarya ko da kowace kalmarka daidai ce. Ku daina, don Allah ku daina! Ministar lafiya ta lokacin, Manto Tshabalala-Msimang, tafarnuwa da lemon tsami take ta yabawa ana jan ƙafa a kan ARV, maganin da ke danne ƙwayar HIV, binciken masana na Harvard da ya fito a 2008 ya ƙiyasta sama da mutum 330,000 suka rasu tsakanin 2000 da 2005 sanadin wannan jinkiri. Mutanen da za su iya rayuwa ne fa, iyayen wasu ne.

Sai ƙananan kurakurai. Taken "Dokta" ko lambar Nobel ba hujja ba ce, Kary Mullis ya ci Nobel a 1993 a fannin sinadarai amma ya yi ta musun HIV. Ba kowace mujalla ce ake tantance bincike a cikinta ba, mujallar Medical Hypotheses ta buga takardar Duesberg a 2009 ba tare da tantancewar masana ba, daga baya aka janye ta, amma har yau ana yawo da kwafinta. Ku riƙa duba shekara, maganar maganin ƙanjamau na AZT ta 1987 lokacin da ake ba da shi shi kaɗai da yawa ba ita ce maganar haɗin magungunan da ya zo a 1996 ba. Bidiyon YouTube mai fassara a ƙasa ba majiya ba ne. Shafuka goma da suka kwafi juna majiya ɗaya ce.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen, sai su rubuta "makashi" ko "ɗan damfara" don haushi. Ni ma ina jin haushin, amma abin da kotu ko hukumar lafiya ta faɗa shi nake rubutawa, da shekararsa, ya isa ya yi aikin kuma ba wanda zai maka ka a kotu.

Ni dai al'adata yanzu, ina da ɗan littafi, shafin hagu abin da mutumin ya ce, na dama wanda ya tabbatar ko ya ƙaryata, hukumar lafiya ta duniya WHO ko UNAIDS mai yaƙi da ƙanjamau ko takardar kotu ko jaridar da aka san tana gyara kuskurenta. Duk layin da damansa ya zauna fanko ba ya shiga rubutu. Wasu abokaina na cewa na cika tsanani, to. Kuma ba na saka komai a kan magani sai ya kwana, da safe in tura wa nas ɗin nan ta karanta tukun, har yanzu ita ke duba min.