Yadda Ɗan Nijar Mazaunin Karkarar Jigawa Zai Mallaki Lasisin Tuƙi Na Najeriya

Duk wanda ya san yankin Maigatari da Babura da Gumel ya san iyakarmu da Nijar a takarda ta fi ƙarfi. Mutum zai taso daga Magarya ko Dungas ya zo cin kasuwar Alhamis ta Maigatari, kafin a jima ya yi aure a nan, ya karɓi aron gona, wani Alhaji ya damƙa masa makullin a-kori-kura yana kai masa riɗi da zoɓo kasuwar Dawanau. Ba mai kiransa baƙo. Sai ranar da jami'in kiyaye haɗurra ya ɗaga masa hannu a hanyar Kano ya ce a kawo lasisi, a ranar ne zai tuna ashe a idon hukuma shi ɗan wata ƙasa ne.

Wanda ya shigo da motarsa daga Damagaram ya sauke kaya ya juya, maganarsa daban. Wannan bayani na wanda ya zauna ne, yake jan mota mai lambar Najeriya safe da yamma. Shi ya kamata a ce yana riƙe da lasisin ƙasar da yake zaune, kuma doka ba ta hana baƙo samunsa ba. Abin da take nema shi ne a bi matakan a jere, kada a tsallake ko ɗaya.

Hukumomi uku ne ke da hannu a lasisin. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke ɗaukar bayananka ta buga katin. Jami'an VIO na jiha, wato masu duba lafiyar ababen hawa, su ke gwada tuƙinka. Hukumar tara haraji ta jiha kuma ita ke kula da kuɗin da miƙa maka katin idan ya fito. Amma kafin ka taka ƙofar ko ɗaya a cikinsu, akwai wasu ofisoshi biyu da za ka fara gamawa da su.

Mataki na farko: takardar izinin zama

Ka nufi Hukumar Shige da Fice. Hedkwatarta ta jiha tana Dutse, ga kuma jami'anta a bakin iyaka da ƙananan hukumomi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba tare da biza ba har tsawon kwana 90. Wanda zai wuce haka ya zauna, katin izinin zama yake nema. 'Yan ƙasashen da ba sa cikin ƙungiyar kuwa nasu katin shi ake kira CERPAC. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu, 2025, sai dai ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar takardun tafiyar 'yan ƙasashen uku da barinsu su shiga su zauna har sai an yanke wani sabon hukunci. Don haka kada ka dogara da abin da wani ya yi shekara biyar da ta wuce. Ka je da fasfonka ko takardar tafiyarka ta Nijar, ka tambayi jami'in wane kati ne ya dace da kai a yau.

A nan ne mutane da yawa ke sakin hanya. Za ka samu mai ba ka shawara cewa me zai kai ka wannan wahala, ga mai unguwa ya san ka, a rubuto maka wasiƙa ka karɓi takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, shi ke nan ka zama ɗan ƙasa. Ni dai ba na bai wa kowa wannan shawara. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Zanen yatsunka sau ɗaya ake ɗaukarsa a manna shi da labarin da ka bayar, kuma wannan labari zai bi ka banki, ya bi ka layin waya, ya bi ka wajen neman kujerar Hajji. Bayar da bayanin ƙarya wajen rajistar shaida laifi ne a doka. Ga kuma mai unguwar da ya sa maka hannu don mutunci, shi ma ka jefa shi cikin abin da bai shirya ba.

Mataki na biyu: lambar NIN

Yanzu ba a buɗe wa kowa fom ɗin lasisi sai da wannan lambar shaida ta ƙasa mai alƙaluma 11. Hukumar NIMC mai bayar da lambar ba 'yan ƙasa kaɗai take yi wa rajista ba, har da baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, muddin ya nuna takardar izinin zamansa.

Zan ɗan tsaya a nan, domin abin da ya fi ɓata wa 'yan'uwanmu na Nijar lokaci ba jarrabawar tuƙi ba ce, rubutun suna ne. Takardun Nijar da rubutun Faransanci ake yinsu. Wanda muke rubuta wa Usman, can Ousmane ne. Yusuf ya koma Issoufou, Abubakar ya koma Aboubacar, Muhammadu ya koma Mahamadou. Sai dattijo ya zauna gaban yaron da ke shagon kwamfuta a Gumel, janareta na ruri, layi ya yi tsawo, yaron ya ce, "Baba, ya sunan?" Dattijo ya faɗa da baki, yaron ya buga yadda ya saba ji a makaranta. Ba wanda ya yi niyyar cuta, amma an riga an samu mutum biyu a takarda, kuma na'ura ba ta san su ɗaya ba ne. Maganin abin mai sauƙi ne. Kada ka faɗi sunanka da baki. Ka miƙa takardar ka ce, "Yaro, kwafa harafi da harafi, kada ka gyara mini komai." Ya gama, ka sa wani mai karatu ya duba kafin a tura.

Haka ranar haihuwa. Da yawa daga cikin mutanen karkara an sa musu 1 ga Janairu ne kawai a takardunsu saboda ba a san ainihin ranar ba. Ka bar ta yadda take a ko'ina. Gyaran suna ko ranar haihuwa a NIN daga baya kuɗi ne da zirga-zirga.

Mataki na uku: makarantar koyon tuƙi

Na san wannan ya fi yi wa tsofaffin direbobi ciwo. Mutum ya shekara ashirin yana ratsa rairayin Damagaram da lodi har sama, a ce ya koma ɗalibi. To amma tsarin neman sabon lasisi a intanet lambar takardar shaidar makaranta yake tambaya, kuma ba kowace makaranta ba, sai wadda FRSC ta tantance ta sa a jerinta. Ƙa'idar ita ce zama 26 na koyo. Irin waɗannan makarantu a manyan garuruwa suke, kamar Dutse da Kano, don haka ɗan ƙauye sai ya tsara zuwansa, kuma gara ya bari sai an gama girbi. Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar sunan makarantar yana cikin jerin hukumar. Mai koyo kuma yana buƙatar takardar izinin koyo, da jan harafin L a gaba da bayan mota, da direba mai lasisi a gefensa.

Shekarun da ake nema 18 ne ga motar gida, mai neman lasisin haya kuwa 26, tare da takardar lafiya daga asibitin gwamnati. Tun a nan ka faɗi irin abin da za ka tuƙa, saboda lasisin aji-aji ne: A na babur ne, B na ƙaramar motar gida, F na tarakta da injinan noma, G na tirela. Wanda zai ɗauki fasinja ko kayan mutane a biya shi, kada ya yarda a cika masa B don an ce ya fi saurin fitowa.

Mataki na huɗu: gwajin VIO

Sitiyari ba zai ba ka wuya ba, tunda Nijar da Najeriya duk hannun dama ake bi; Najeriya ta koma dama tun 1972. Za a ga yadda kake tayar da mota, da ribas, da fakin, da ko kana kunna sigina kafin ka karya kwana. Inda gwanaye ke faɗuwa shi ne tambayoyin alamomin hanya. Ka riƙe cewa alama mai kusurwa uku gargaɗi ce, da'ira mai jan baki hani ce, shuɗiyar da'ira kuma umarni. Gudun motar gida kilomita 50 ne a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya ta gudu. A shataletale, wanda ya riga ka shiga, wato mai zuwa ta hagunka, shi ke da hanya. Ka ɗaura bel kafin ka murɗa makulli, domin jami'in yana kallo tun daga nan.

Mataki na biyar: fom, biyan kuɗi da ɗaukar hoto

Ana cika fom a shafin lasisi na FRSC, a zaɓi jiha da cibiyar da za a je, a biya ta banki ko ta intanet, a buga rasit. A farashin da aka fara aiki da shi a Yunin 2025, lasisin mota na shekara 3 naira 15,000 ne, na shekara 5 kuma 21,000. Na babur da Adaidaita Sahu 7,000 da 11,000. Kuɗin makaranta daban yake, kuma kowace da nata.

Daga nan ka ɗauki takardunka ka bi teburin haraji da na VIO su sa hannu, sannan ka zauna gaban na'urar FRSC a gwada idonka, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka da sa hannunka. Wannan zama ba a wakilci. Duk ɗan kamashon da ya tare ka a tasha ya ce ka kawo hoto biyu da kuɗi, jibi ka zo ka karɓi kati ba tare da ka je ko'ina ba, jabu zai kawo maka, komai ƙyallin robar. Jami'i na buga lambar a waya zai ga babu ita, kuma laifin riƙe jabu ya fi na rashin lasisi nauyi, balle ga baƙo.

A tsarin da aka daɗe ana bi, an gama ɗauka akan ba ka lasisin wucin gadi mai aiki na kwana 60. Katin dindindin yakan wuce wannan wa'adi bai fito ba. Idan haka ta faru, ka koma cibiyar da aka ɗauke ka kafin takardar ta mutu, su duba inda aka kwana. Ka ba su lambar wayar da take hannunka kullum, ba ta maƙwabci ba, kuma ba layin Nijar ba.

Lasisinka na Nijar kada ka yar, zai yi maka amfani duk ranar da ka tsallaka gida. Na Najeriya kuwa idan wa'adinsa ya kusa cika, sabuntawa ba ta buƙatar komawa makaranta: da lambar lasisin da ranar haihuwarka za ka cika fom, ka biya, ka je cibiya. Ka dai duba katin izinin zamanka kafin lokacin, domin shi ma yana da nasa wa'adin, kuma ba lallai ne su ƙare rana ɗaya ba.