Kurakuran da masu koyon ches suka fi yi da sarki

Sarki a wasan ches tafiyarsa ba wuya, gida ɗaya yake takawa ko ta ina, gaba, baya, gefe ko a karkace. In yana tsakiyar allo gida 8 ne a kewayensa, a bakin allo 5, a kusurwa 3 kacal. Amma wallahi a kansa aka fi yin rigima, musamman waɗanda suka taso da dirafti, don a can sarki tsallake yake yi ya ci. A ches sarki ba ya tsallake, yana ci ne ta hanyar hawa gidan da abokin gaba yake in yana maƙwabtaka da shi, kuma ba dole ba ne sai ya ci.

Babban kuskure shi ne cin abin da ake gadi. Ka ga sarauniyar abokin wasa ta zo ta manne da sarkinka sai hannu ya yi ƙaiƙayi ka ɗauke ta, alhali akwai doki a baya yana kallon gidan. Haramun ne, sarki baya taka gidan da za a iya cin sa. Ko da dokin nan an ɗaure shi ba zai iya motsawa ba saboda nasa sarkin, gadinsa na nan daram, wannan kam har waɗanda suka ɗan jima suna wasa yana ruɗa su. Kafin ka ci da sarki ka duba duk kayan abokin wasa ɗaya bayan ɗaya, har na can nesa, bishof, wato mai tafiya a karkace, ya fi kowa ɓuya. Dalilin nan ne ma ya sa sarki biyu ba sa zama gab da juna, dole a samu gida ɗaya a tsakani.

Sai guduwa a kan layin da aka kawo hari. Sarkinka na gidan e4 (harafin layin tsaye ne, lambar kuma na kwance), ruk, mai tafiya a miƙe, ya ba ka cek, wato ya kawo wa sarkinka hari, daga e1, kai kuma ka matsa e5 kana ganin ka tsira, ina, har yanzu kana kan layin. Ka fita daga layin gaba ɗaya, ko ka tare, ko ka cinye mai harin. In abu biyu ne suka ba da cek lokaci guda to tarewa ba ta aiki, sai dai sarki ya motsa.

Kasilin kuma, wato sarki ya taka gida biyu wajen ruk, ruk ya tsallako ya zauna gefensa, nan ma ana kwaɓa. Ba a yi in sarki ya taɓa motsawa ko ruk ɗin, ba a yi in akwai wani abu tsakaninsu, ba a yi ana cikin cek, kuma sarki ba zai ratsa ko ya sauka gidan da ake kai wa hari ba. Amma wasu suna ƙara dokar da babu ita, wai in an taɓa ba ka cek a baya shikenan ka rasa kasilin, ba haka ba ne matuƙar sarkin bai motsa ba. In ruk ne ake kai wa hari ma kana iya yi. Kuma sarki za ka fara taɓawa, a dokar FIDE, hukumar ches ta duniya, in ka fara taɓa ruk to ruk ɗin za ka motsa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mutum yana da sarauniya, abokin wasa saura sarki tilo a h8, sai ya kai sarauniya f7 yana murna. Sarkin ba ya cikin cek kuma ba shi da inda zai taka, wasa ya tashi canjaras kenan, duk wahalar ta tafi a banza. Duk sanda ka matse sarki tilo ka tabbata ka bar masa gida ɗaya na motsi, ka jawo naka sarkin kusa tukuna sannan ka rufe wasan.