Yadda ake gano abin da ke hana tsohuwar laftof tashi da wuri, kafin a kai ga yi mata fomat

Kusan duk wanda ya kawo mini laftof da ƙorafin ta yi nauyi, da maganinsa a bakinsa yake zuwa: “Injiniya, a yi mata fomat kawai.” Wani ma sau uku aka yi mata a shago uku daban-daban, ta ɗan yi sauƙi na mako biyu, sannan ta koma gidan jiya. Yawanci irin HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad ɗin nan ne ’yan Beljiyam, waɗanda sun gama aikin shekaru a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso hannunmu. Injinansu na da ƙwari, kuma mafi yawansu abu ɗaya ko biyu ne kacal ke riƙe musu ƙafa. Aikinka shi ne ka gano wanne ne kafin ka taɓa komai.

Mataki na farko: ɗauki agogo

Cire duk abin da ke jikinta: filash, modem, wayar da kake caji, katin ajiya, faifan da ke cikin ramin DVD. Ka bar caja kaɗai. Sai ka buɗe agogon ƙidaya na wayarka, ka zaɓi Restart. Ba Shut down ba. Tun daga Windows 8 akwai wani tsari mai suna Fast Startup, wanda idan ka kashe kwamfuta ba ya barin ta ta mutu gaba ɗaya. Yana adana wani ɓangare nata a faifan ajiya na cikinta don ta farka da shi. Restart ne ke tayar da ita daga tushe, don haka shi ne zai nuna maka gaskiyar halin da take ciki.

Lokaci uku za ka rubuta a takarda. Daga sanda fuskar ta yi baƙi ta dawo zuwa sanda tambarin kamfanin ya ɓace. Daga nan zuwa inda ake sa kalmar sirri. Sannan daga shigarka zuwa lokacin da za ka danna babban fayil ya buɗe nan take ba tare da da’irar nan tana juyawa ba. Kowanne daga cikin ukun nan da nasa ciwon, kuma wanda bai raba su ba zai yi ta shafa magani a inda ba nan ke ciwo ba.

Idan a kan tambari take tsayawa

Nan Windows bai ma fara aiki ba, saboda haka fomat ɗari ba zai canza komai ba. Karanta abin da ta rubuta maka, kar ka yi saurin danna maɓalli ya wuce. HP kan nuna gargaɗin batir mai lamba 601 idan batirin ya gaji, ta tsaya jira kafin ta ci gaba. Idan kuma kullum agogonta da kwanan watanta sai sun ɓata, ƙaramin batirin da ke kan allon injin ne ya mutu, mai kama da kwabo, yawanci CR2032. Ba shi da tsada, amma a laftof da yawa yana zuwa ne a naɗe da ’yar waya, don haka ka tafi da tsohon kasuwa a gwada maka.

Masu Dell, ku duba cajarku. Idan ta rubuta cewa ba ta gane irin cajar da aka sa mata ba, har ta nemi ka danna F1, to ba tsayawar kaɗai ce matsalar ba: rage wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, gudu take yi da gangan don kare kanta. Na ga waɗanda suka sayi ƙarin ram, wato ma’ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kai, alhali cajar jabu ce ta ɗaure musu inji. Ari caja ta asali wajen wani ka gwada kafin ka kashe ko sisi.

Sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ke zuwa kafin Windows, ta hanyar danna maɓalli da zarar ka kunna: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Nemi jerin Boot Order ka mayar da faifan cikin kwamfutar na farko. Injinan da suka fito daga ofisoshi da yawa an saita su su fara neman tashi ta hanyar sadarwar ofis, wato Network Boot ko PXE. Kashe shi, ba ka da buƙatarsa a gida. Kada ka taɓa sauran abin da ba ka sani ba a wurin.

Mataki na biyu: lafiyar faifai, kuma a nan nake so ka zauna

Idan jinkirin a kan da’irar Windows ne, ko bayan ka shiga, kafin ka goge ko manhaja ɗaya, duba lafiyar faifan ajiya, wanda ’yan kasuwa ke kira had dis. Ni ba na fara aiki a kan kowace tsohuwar laftof sai na yi wannan, kuma da tsada na koyi darasin.

Ƙanwata tana shekarar ƙarshe a jami’a ta kawo mini tata, ta ce, “Yaya, sai na kunna ta na je na ɗora ruwan shayi na dawo ba ta gama tashi ba.” A lokacin ina ganin na iya. Na kwashe furojek ɗinta da hotunanta daga C na zuba a D, na yi fomat, na sa sabon Windows, na miƙa mata ina cewa an gama. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne C da D ɗaki biyu ne a gida ɗaya: faifai guda aka raba. Kuma faifan ne ke mutuwa. Bayan kamar mako biyu ta kira ni da daddare, muryarta na rawa, ta kara wayar a jikin kwamfutar. Ƙas, ƙas, ƙas, sai shiru, sai ya sake. Fuskar ta rubuta cewa ba a ga faifan da za a tashi da shi ba. Babi uku suka tafi. Abin da ya cece ta kwafin takarda ne da malaminta ya yi wa gyara da jan biro. Shi ta zauna ta sake bugawa shafi bayan shafi, dare huɗu, a kwamfutar aro. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake, domin faifan ya daɗe yana ba da alama, ni ne ban duba ba.

Ga yadda ake dubawa. Sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce kuma ƙarama, ba za ta ci maka data ba. Tana karanta rahoton da faifan da kansa yake rubutawa game da lafiyarsa. Shuɗi da Good, lafiya lau. Ruwan ɗorawa da Caution, faifan ya fara ruɓewa. Ja da Bad, kwanansa ya ƙare. Ka duba layuka biyu musamman, Reallocated Sectors Count da Current Pending Sector Count. Su ne ke ƙirga wuraren da suka lalace a jikin faifan. Duk lokacin da Windows ya zo karanta wani abu a irin wannan wurin, sai faifan ya yi ta maimaitawa kafin ya samu, kuma wannan maimaitawar ce kake gani a matsayin jinkiri. Ka kuma leƙa Power On Hours ka ga awoyin da ya yi yana aiki tun kafin ya zo hannunka. In ba ka da data, HP na da gwajinta: danna Esc da zarar ka kunna, sannan F2. A Dell F12 ne, ka zaɓi Diagnostics.

Idan ka ga ruwan ɗorawa ko ja, ko ka kara kunne ka ji ƙas-ƙas ɗin nan, dakata da komai. Kada ka yi fomat, kada ka sa antibairos ya bi faifan kaf, kada ka yi masa difrag, wato sake jera fayilolin da ke warwatse a cikinsa. Duk aiki ne mai nauyi da kan ƙarasa faifan da ke gargara. Kwashe kayanka zuwa wani abu da ke wajen kwamfutar, filash ko faifan waje ko Google Drive. Fara da takardu, su ne ƙanana kuma su ne ba a samun madadinsu. Finafinai su zo ƙarshe. In kwafin ya maƙale a kan wani fayil, tsallake shi ka ci gaba, ka dawo masa daga baya.

Ko da ya nuna shuɗi, ka yi kwafin. Ba na karɓar uzuri a kan wannan.

Mataki na uku: masu tashi tare da Windows

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Je shafin Startup. Duk abin da ke jerin nan yana rububin faifai a lokaci guda da zarar ka shiga, kamar fasinjoji a ƙofar mota ɗaya. Dubi layin Startup impact, ka bi masu High ka danna Disable: manhajar sauke bidiyo, ta kiɗa, ta taron intanet, ta modem ɗin da ka daina amfani da shi tun bara. Wannan ba gogewa ba ne, suna nan, sai ka kira su za su zo. Ka bar na sauti da na allon taɓawa da na tsaro. Mai Windows 7 zai sami jerin ta hanyar rubuta msconfig.

Antibairos ɗaya ya isa. Al’adar shagunanmu ce a jibga biyu ko uku wai don ƙarin tsaro, alhali kowanne sai ya binciki duk fayil ɗin da aka buɗe, har su riƙa binciken juna. A Windows 10 wanda ya zo a ciki ya wadatar, in dai ana barinsa yana sabuntawa. Cire sauran ta Control Panel, haka ma manhajojin da ke alkawarin ƙara gudu da danna maɓalli ɗaya. Ban taɓa ganin wadda ta amfana ba.

Daga nan ka koma shafin Performance bayan minti biyar da tashi. Idan Disk na manne a 100% alhali CPU, wato furosesa, na hutawa, ka kama ɓarawon. Wani lokacin sabuntawar Windows ce da ta maƙale saboda kullum data na yankewa a tsakiya. Nemi wurin da ke da intanet mai ƙarfi ka bar ta ta ƙarasa sau ɗaya. In kuma C ya cika ya yi ja, yi Disk Cleanup ka rage kaya.

Mataki na huɗu: SSD

Idan ka yi duk wannan kuma har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, gaskiyar magana ita ce iyakarsa ke nan. Yawancin na laftof suna juyawa sau 5400 a minti, da wata allura da sai ta yi tafiya zuwa inda kowane ɗan fayil yake, kuma tashin Windows dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse. SSD, ma’ajiyar zamani da ke maye gurbinsa, ba ta da abin da ke motsi a cikinta. Mai kan SATA, wato irin mahaɗin tsohon faifan, tana karatu har wajen megabayit 500 a daƙiƙa, shi kuwa tsohon da ƙyar yake wuce 100, kuma a ƙananan fayiloli ratar ta fi haka nesa ba kusa ba. Injin da ke cin minti uku ko huɗu na sha ganin ya dawo ƙasa da rabin minti. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, SSD za ka saya, ba ram ba.

Nemi mai inci 2.5, SATA. 128GB za ta yi aiki amma da wuri take cika; ni 256GB nake ba da shawara. Farashi na bin dala, don haka ka zagaya shago biyu ko uku, kuma ka sa a buɗe maka CrystalDiskInfo a kanta a gabanka, domin akwai tsofaffi da ake sake wa kwali. Cire caja da batir, kwance sukurorin murfin ƙasa, zare tsohon, mayar da ƙarfen da ke riƙe shi jikin sabuwar. Windows sabo nake sawa daga filash mai 8GB, ba na kwafo tsohon da tarkacensa, balle daga faifai mara lafiya. Tabbatar SATA na kan AHCI a BIOS kafin ka fara. Tsohon faifan, in lafiyarsa ƙalau, saya masa ɗan akwati ya zama na waje. Kuma SSD ba a yi mata difrag da hannu, Windows ya san yadda yake kula da ita.

Sauran ƙananan abubuwa

Ram 4GB ta yi kaɗan ga Windows 10 da burauzar yau, kai ta 8GB in da hali. Karanta takardar jikin wadda ke ciki: injinan Intel zubi na huɗu, irin EliteBook 840 G1, DDR3L suke so mai bolt 1.35, ba DDR3 mai 1.5 ba. In Windows ɗinka 32-bit ne, ba zai ga abin da ya haura 4GB ba ko ka ƙara.

Bayan hunturu, buɗe wajen fanka ka cire ƙurar da ta dunƙule kamar auduga a bakin mafitar iska, ka riƙe fankar da yatsa yayin hurawa. Inji mai zafi rage gudu yake yi. Daina ɗora ta a kan katifa.

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, abin da yawancin injinan nan ba su kai ba. Ba na son a tilasta musu shi ta bayan gida. Wanda aikinsa rubutu ne da intanet, Linux Mint mai Xfce, wani tsari da ke maye gurbin Windows, na tafiya da sauƙi a kansu, kuma kana iya gwada shi daga filash ba tare da ka goge komai ba. Duk wanda ka zaɓa, sake yin Restart da agogo a hannu, ka rubuta sababbin lokutan uku a ƙarƙashin na farko a takardar nan.